Ina so in ajiye aikin ofis in koma gashin kek da burodi a gida: ta ina zan fara?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Ta ce: "Shekarata tara ina aikin ofis. Na iya kek, mitfai da cincin, kuma duk wanda ya ci sai ya yaba. Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, ga yara ina barin su tun safe. Ina so in ajiye aikin in fara gashi a gida, har da burodi. Me zan tanada, kuma yaushe ya dace in miƙa takarda?"

Malama, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Sana'a ce mai kyau, tana riƙe gida, amma ina roƙonki kada ki miƙa takarda sai littafin lissafi ya nuna miki cewa gashin zai iya biyan ki abin da ofis ke biya. Yabon 'yan'uwa da abokan aiki yana nuna kin iya hannu. Bai nuna mutum nawa ne za su ciro kuɗi su saya ranar Talata ta tsakiyar wata ba, lokacin da albashi ya ƙare a hannun kowa. Katsina gari ne na ma'aikata, ciniki yana tashi idan an yi albashi, ya kwanta bayan sati biyu. Wannan shi ne abin da za ki fara aunawa.

Ba ki faɗi ko aikin gwamnati kike yi ko na kamfani ba, kuma akwai bambanci babba. Idan na gwamnati ne, ki sani cewa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Mutane da yawa suna yi ana kawar da kai, amma dokar tana nan, kuma ranar da wani ya so ki da sharri da ita zai kama ki. Abin da ba a hana ki ba shi ne koyo, da gwaji a gida, da auna kayan haɗi, da zagaya kasuwa ki san farashi, da tambayar masu shaguna da makarantu ko za su karɓa. Hutunki na shekara ya ishe ki wannan. Ki kuma tambayi sashen mulki na ofishinku sharuɗɗan hutun da ba albashi. Idan kuwa kamfani ne, ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta abin da ta ce game da sana'ar gefe da kuma wa'adin sanarwa kafin ajiye aiki.

Sai fansho. Idan kina cikin tsarin da ake cire miki kaso ana tarawa a asusunki wurin kamfanin fansho, kuɗin naki ne ko kin bar aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun ba. Ki lura da wata huɗun nan: ba kuɗin da za ki sayi obin da shi a satin farko ba ne. Idan kuma tsohon tsari ne da shekarun aiki ke yanke abin da mutum zai samu, to shekara tara wuri ne da ya kamata ki tsaya ki je ofishin fansho da kanki, domin 'yan watanni kaɗan na iya zama bambancin fita da haƙƙi da fita hannu rabbana. Ki duba bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata da ake cirewa daga albashi, da adashin da kika shiga, da inshorar lafiyar da ke rataye da aikin. Duk waɗannan ba sa tsayawa don kin ajiye aiki.

Yanzu ga lissafin da nake so ki zauna ki yi da biro da takarda. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, ki sa naki a gurbinsu. A ce abin da ke shigo miki a wata naira 150,000 ne. A ce kuma sana'ar za ta ci 40,000 a wata ko kin sayar ko ba ki sayar ba: kuɗin yarinyar da ke taya ki, data, gyaran kaya, abin da ya ƙone ko ya kwana. Kina neman 190,000 ke nan. Idan ribar mitfai ɗaya, bayan an cire fulawa da bota da nama da dankali da gas da leda, naira 150 ce, sai kin sayar da kusan 1,270 a wata. A kwana 26 na aiki, kusan 50 ke nan kullum. Fulawa kilo biyu ce kawai, aikin awa uku zuwa huɗu. Yin 50 ɗin ba wuya. Samun bakin da zai cinye 50 yau, ya cinye gobe, ya cinye ranar da makarantu suka yi hutu, nan aikin yake. Idan kin iya rubuta sunayen wuraren da 50 ɗin za su je, wuri-wuri da adadi, kin kusa. Idan amsar ita ce "zan sa a WhatsApp", da saura.

Don ki san ribar gaskiya, dole ki daina awo da gwangwani da kofi da tiya. Ki sayi sikelin kicin mai nuna giram. Kofin fulawa ɗaya na iya bambanta da wani da giram 30 ko fiye, gwargwadon yadda aka danna shi, kuma wannan ne ke sa kek ɗin yau ya yi laushi na gobe ya yi tauri. Ki raba kuɗin buhun fulawa mai kilo 50 da 50,000 ki sami kuɗin giram ɗaya. Haka sukari, haka bota. Ƙwai ki raba kuɗin kiret da 30. Gas kuwa, wanda yawancin masu farawa ke mantawa da shi, ki ɗora tukunyar a sikeli kafin ki kunna obin, ki sake ɗora ta bayan kin gama. Abin da ya ragu shi ne gas ɗin wannan gashin. Ki sabunta lissafin duk ranar da kika sayo kaya. Yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023 farashin fulawa ke bin dala. Mai sayar da kaya a kan farashin wata uku da suka wuce jarinta take ci ba ta sani ba. Kuma ki sa wa kanki lada a cikin lissafin. Idan ba a biya aikin hannunki ba, abin da kike kira riba ladan gumi ne kawai.

Game da burodi, shawarata ita ce ki jinkirta shi. Bari in nuna miki dalili da awo. Kwaɓin burodi irin wanda mutanenmu ke so, mai laushi da ɗan zaƙi, a kan fulawa kilo 10 yana ɗaukar ruwa kamar lita 5 da rabi, sukari kilo 1.2, bota giram 500, madarar gari giram 200, gishiri giram 180, yis giram 100. Jimilla kusan kilo 17.7. Idan kin yanka giram 500-500, burodi 35 ke nan. Obin na gida da ya ɗauki gwangwani shida ya yi ƙoƙari, kuma kowane zubi yana cin kusan rabin awa. Zubi shida, awa uku. Kafin ki kai na ƙarshe, kwaɓinsa ya wuce tashi, ya yi tsami, yana shiga wuta zai zube. Ga kuma murji: kilo 10 da hannu ba abin da mace ɗaya za ta yi kullum ba ne, ƙaramin injin kwaɓi na kicin kuma idan aka matsa masa da kwaɓin burodi sama da kilo ɗaya motarsa ƙonewa take yi. Bayan duk wannan wahala za ki fita ki yi gogayya da manyan gidajen burodi masu tanda ta itace, da ke kwaɓa buhuna a dare ɗaya, suna da motoci da babura masu kai wa masu shayi da shaguna tun kafin gari ya waye, suna kuma karɓar wanda ya kwana. Ribar burodi ɗaya kaɗan ce, yawa ne ke ciyar da su. Ke kuma obin ɗinki ya yanke miki iyaka.

Inda mai gida take fin su shi ne abin da ake yi da oda: kek na biki da na suna da na murnar kammala makaranta, ƙananan kek na kofi, mitfai, donat, samosa, cincin, da kayan gara irin su alkaki da dublan idan kin iya ko kina da mai yi miki. Waɗannan ribarsu ta fi kauri, kuma ba kya kunna wuta sai an biya. Burodi na iya zuwa daga baya a matsayin na musamman, mai madara ko mai kwakwa ko na alkama zalla, guda goma zuwa ashirin ga mutanen da suka yi oda tun jiya.

Ki fara da abu uku kawai, kek da mitfai da cincin, ki ƙware a kansu har ya zama ko cikin dare aka tashe ki za su fito iri ɗaya. Zan ba ki awon da za ki gina a kai.

Kek na gwangwani mai inci takwas: bota giram 250, sukari giram 250, ƙwai biyar matsakaita, fulawa giram 250, bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madara kamar babban cokali uku, da ɗan ƙamshi. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, ki riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan ki zuba fulawar da kika tankaɗe tare da bekin hoda, ki juya a hankali da ludayi har ta ɓace, ki tsaya nan. Wuta digiri 160 zuwa 170, minti 45 zuwa 55. Idan tsakiya ya faɗa, ko an buɗe ƙofa kafin rabin awa, ko bekin hoda ta yi yawa, ko an fitar da shi bai nuna ba. Idan ya yi tudu ya tsage, wuta ta yi yawa, waje ya ƙame ciki yana kan tashi. Idan kika yanka kika ga wani layi mai danƙo a ƙasa, an bugi kwaɓin da yawa bayan an sa fulawa, ko kuma botar ta narke tun wurin bugu. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon bazara a Katsina: a watan Afrilu bota tana zama kamar mai a kan tebur, kuma narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Ki sa ta a firji ta ɗan kama jiki, yadda idan kin danna da yatsa za ta lotsa ba tare da ta malale ba, ki kuma yi bugun da sassafe.

Mitfai: fulawa kilo ɗaya, bota mai sanyi giram 500, bekin hoda ƙaramin cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ruwan sanyi kamar kofi ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan. Ki murtsuke bota da fulawa da kan yatsu har su zama kamar garin rogo, ki haɗa da ruwa ba tare da murji ba, ki rufe ya huta rabin awa a wuri mai sanyi. Zai ba ki kamar 25. Murji shi ke sa ɓawon ya yi tauri ya kuma tsuke a wuta. Haɗin ciki, naman da dankali da karas, ki ɗaure shi da ɗan fulawa don kada ya yi ruwa, ki bar shi ya huce sarai kafin ki zuba. Haɗi mai zafi yana narkar da botar ɓawon, bakin ya buɗe, ƙasan ya jiƙe. Ki huda saman da cokali mai yatsu don tururi ya fita, ki shafa ƙwai, digiri 180, minti 30 zuwa 35. A nan zan ja kunnenki da gaske: mitfai abinci ne mai nama. A zafin garinmu, wanda aka gasa da asuba aka rufe a leda cikin akwatin gilashi a shago, kafin la'asar yana iya juyawa ba tare da ya yi wari sosai ba. Ki gasa daidai abin da zai ƙare kafin azahar, wanda ya kwana a waje kuma kada ya koma hannun kowa, ballantana yaran makaranta.

Cincin shi ne abokin rufin asiri, don yana yin makonni a rufaffen mazubi, ana iya yin sa ranar da babu oda. Abu biyu ke ɓata shi: mai da bai yi zafi ba, sai ya sha mai ya yi nauyi, da mai da aka maimaita har ya yi duhu, sai ya yi ɗaci bayan kwana kaɗan. Idan mai yana kumfa yana tasowa, yawanci ƙwai ko bekin hoda sun yi yawa, ko garin da aka barbaɗa wurin yanka ya taru a kasko.

Obin shi ne babban sayayyarki, kuma na gas nake ba ki shawara. Wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki, ba abin da za ki ɗora kek ɗin amarya a kai ba ne. Idan aka ɗauke a minti na ashirin, ya tafi. Obin na lantarki yana jan wat dubu biyu zuwa sama, ƙaramin janareta ba ya ɗauka, solar gida ta fitila da fanka ma haka. Akwai na kanti, akwai wanda masu walda ke ƙerawa. Na ƙira yana da arha da faɗi, amma ki tsaya a kansa: bango biyu da abin riƙe zafi a tsakani, ƙofa mai rufuwa ruf, faranti mai kauri tsakanin harshen wuta da tire na ƙasa, kuma kada a yi cikinsa da kwanon rufi ko ƙarfe mai fenti, don suna fitar da hayaƙi mai cutarwa idan sun yi zafi. Harshen wuta ya zama shuɗi. Ja ko rawaya yana nufin iska ba ta isa ba, zai yi baƙi ya kuma ci gas. Tukunyar gas ta zauna a waje cikin inuwa, ki gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, idan ya yi kumfa akwai yoyo. Kullum ki buɗe ƙofar obin, ki kunna ashana tukuna sannan ki murɗa gas. Masu murɗawa su tafi neman ashana su ne wuta ke bugu a fuska.

Ki sayi ma'aunin zafi na cikin obin, ƙaramin agogon nan da ake ratayewa. Lambar da ke jikin maɓalli sau da yawa ba ta dace da abin da ke ciki ba, na ƙira ma ba shi da lamba. Ranar farko ki jera yankakken burodi ya cika tire, ki sa minti biyar, ki fito da shi. Za ki ga wani ɓangare ya yi ja, wani fari fat, wataƙila na lungun baya ya ƙone. Taswirar obin ɗinki ke nan, da ita za ki san inda za ki ajiye kek da lokacin da za ki juya tire. Idan ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba, ki sa tire na yashi mai tsabta ko na gishiri a can ƙasa ya tare wutar.

Yanayin Katsina sai kin koye shi kamar yadda kika koyi awo. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana kai digiri 40. Duk abin da ke da yis, donat ko burodi, ki kwaɓa da ruwan ƙanƙara, ki rage yis da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, burinki kwaɓi ya fito daga murji yana digiri 25 zuwa 27. Kada ki bi agogo, ki bi yatsa: ki danna kwaɓin da ya tashi, idan ramin ya dawo a hankali bai cika ba, ya isa wuta, idan ya tsaya yadda yake, ya wuce. Kirim na ado da aka yi da bota yana fara sakin jiki da zafi ya haura digiri 30, saboda haka kek mai ado a kai shi da safe ko bayan magariba, a kwali, a kan cinyar mutum cikin Keke Napep ko mota, ba a bayan babur ba. Da hunturu kuma akasin haka ne: kwaɓi yana jinkirin tashi, iska na busar da samansa ya yi ɓawo ya tsage. Ki yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda bai fi ɗumin jiki ba domin ruwan zafi kashe yis yake yi, ki rufe da leda da aka shafa wa mai, ki ƙara ɗan ruwa don fulawar ma ta bushe. Ƙura kuma tana shiga ko'ina, komai a rufe.

Damina ce lokacin fumfuna. Kada ki taɓa ƙulle abu a leda da sauran ɗuminsa. Tururin zai zama raɓa a ciki, kwana biyu ki ga ɗigo-ɗigo kore. Burodi yana son kamar awa biyu a kan raga. Akwai kuma wata cuta da ba kowa ya san ta ba: burodi ya yi kyau a waje, amma idan an gutsura cikin ya yi yauƙi yana zare-zare, da wari kamar na ruɓaɓɓen kankana. Ƙwayar cuta ce da ke zuwa da fulawa ko ƙazantar kayan aiki, kuma zafin gashi ba ya kashe irinta. Maganinta wanke tebur da kwanuka da ruwan khal, sa khal kamar ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a kowane kilo na fulawa, da saurin hucar da burodi. Buhun fulawa ki ɗora shi a kan katako nesa da bango, kada ki tara abin da ya wuce na sati uku ko huɗu. Sarin buhuna daga Kasuwar Singa a Kano yana da sauƙi, amma sai cinikinki ya kai. Kafin nan dilolin Babbar Kasuwar Katsina sun wadatar, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ku raba buhu.

Za a zo miki da wani farin gari ko ƙwaya a ce yana sa burodi ya kumbura ya yi girma. Ki tambayi sunansa. Idan bromate ne, ko mai sayarwa ya ƙi faɗa, ko babu rubutu a jikinsa, ki bar shi. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta haramta shi saboda haɗarinsa ga ƙoda da alaƙarsa da ciwon daji. Akwai ingantattun masu gyara kwaɓi da aka yi da sinadarin bitamin C, masu lambar rajista. Haka kada ki musanya sukari da sakarin don rage kuɗi. Wanda zai ci abin nan ɗan wani ne, amana ce.

Batun takardu: ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusun banki da sunan, kada kuɗin sana'a ya haɗu da na cefane ko kwana ɗaya. Ranar da za ki fara ƙulle kaya da suna kina kai wa manyan shaguna, za a nemi lambar NAFDAC, su kuma za su zo su ga wurin aiki. Abin da suke dubawa shi ne ɗaki na musamman da ba a girkin gida a cikinsa, ƙasa da bango masu wankuwa, raga a taga, ruwa mai tsabta, wurin ajiye kaya dabam, da shaidar gwajin lafiyar masu aikin. Ko ba su zo ba, duba-gari na iya zuwa. Idan za ki ware ɗaki, ki ware shi da wannan a zuciya tun yanzu don kada ki yi aiki biyu. Idan gidan haya ne, mai gida ya sani.

Abin da ke karya masu wannan sana'a a shekarar farko ya fi yawa ta wajen bashi. Oda ba ta tabbata sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi dukkan kayan haɗi, kamar kashi 70 cikin ɗari, ragowar kuma kafin kaya su bar gida. Ki rubuta wa mai oda girma da launi da rana da wanda zai biya kuɗin kaiwa, ta amsa da "na yarda", don ranar biki mantuwa tana yawa. Mai shagon da ya ce ki ajiye idan ya sayar ya biya, ki fara da kaɗan, ku yi magana a kan wanda ya kwana tun kafin ya kwana. 'Yan'uwa kuwa, kunya za ta hana ki faɗin farashi. Ki yanke abin da za ki iya bayarwa kyauta a wata, ki rubuta shi a littafi a matsayin kyauta, abin da ya wuce haka ki ce, "Yaya, kayan haɗin kaɗai sun kai kaza." Wadda ke ƙaunarki za ta gane.

Ki zauna da maigida ku yi maganar a fili. Mitfai da zai isa makaranta ko ofis ƙarfe tara, hannunki na cikin fulawa tun kafin kiran assalatu. Satin Sallah da lokacin bukukuwa za ki kwana tsaye, da azumi cinikin safe zai mutu ya koma na buɗa-baki, hutun makarantu kuma zai ɗauke miki kaso mai yawa. Kin ce kina son zama kusa da yara. Za ki kasance a gida, amma awannin gashi ba na reno ba ne, ga wuta ga mai mai zafi. A sami wanda zai riƙe su a lokacin.

Ga alamomin da zan so ki gani kafin takarda ta bar hannunki: kin ajiye kuɗin da zai ɗauki nauyin da ke kanki na wata shida, dabam da jarin, kin sayi obin da sikeli da ma'aunin zafi da injin bugu tun kina karɓar albashi, ba da bashi mai ruwa ba, abubuwa ukun nan suna fitowa iri ɗaya sau goma a jere, kuma kina da aƙalla wurare biyu ko uku, kantin makaranta ko shago ko ofis, da suka faɗi adadin da za su riƙa karɓa. Idan lokacin ya yi, ki daidaita fitarki da wata biyu kafin azumi, yadda za ki shiga kakar samosa da cincin ɗin Sallah hannunki ya riga ya faɗa. Ki ba da sanarwa cikakkiya yadda takardarki ta ce, ki miƙa aiki a rubuce, ki karɓi takardar sallama da ta shaidar shekarun aiki, domin kamfanin fansho zai neme su. Ranar bankwana ki kai musu tire na mitfai da ƙananan kek, kowane ƙulli da lambar wayarki da farashi a jiki.